Zayyanu Mai Aron Ƙofa

Ina unguwar Malaz a Riyad ina ɗaure katifa a bayan dina, motarmu ta kwasar kayan gida, Nafiou ya kira ni. Maƙwabcin abokin aikina Zayyanu ne, mutumin Maraɗi. Ya ce, "Sha'aban, bar abin da kake ka taho Jaradiya. Dogo ya koma ya kwanta bayan asuba, na leƙa shi da hantsi, sai dai haƙuri." Na yi salati. Igiyar tana hannuna, na rasa ko in ɗaure ko in saki.

Dogo muke ce masa, don duk ƙofar da zai shiga sai ya sunkuya. Ɗan Yawuri ne, a bakin Kwara aka haife shi. Mahaifinsa yana da dogon kwale-kwale na fiton albasa, tun Zayyanu yana yaro aka zaunar da shi a baya, wurin da suke kira wutsiya, shi ke juya jirgi. Idan ruwa ya janye, hanya ta matse tsakanin ciyayi, jirgin ya fi kwanar tsawo. A nan ya koyi abin da ya ci abinci da shi har ya mutu. Ba a kutsa kwana da ƙarfi. Sai a nemi bakin wani ɗan rafi a tura kan jirgi ciki, wutsiya ta samu wurin juyawa, a ja baya kaɗan, a miƙe hanya.

Da fito ya daina riƙe gida, ya bar matarsa Turai da jaririyarsu Muhibba, ya zo Riyad. Yakan ce, "Ka ga ɗan ruwa, ya ƙare a garin da ake sayen ruwa a roba." A wurin kafili ɗaya, wato ubangidan da ya tsaya mana, muka haɗu, aka ba mu dina ɗaya. Ni ina gaba, shi yana wutsiya, haka muka yi ta hawa benayen mutane da kabad da gado da doguwar kujerar majalisa, wadda ko mai ita bai san yadda aka shigo da ita ba.

Tsofaffin gidajen Jaradiya da Malaz matakalarsu a matse take, kwana gajera. Wasu masu kwasar kaya idan abu ya ƙi juyawa sai su tsayar da shi a ka, su tura, fenti ya goge, ƙafa ta karye. Zayyanu ba ya tsayar da kaya. Sai ya ajiye, ya goge zufa, ya ƙwanƙwasa ƙofar da ke kan kwanar, ya yi sallama da Larabcinsa mai ƙamshin Yawuri, ya roƙi aron ƙofa. A buɗe, mata su shige ciki, mu zura kan kujera cikin gidan mutane, wutsiya ta juya, mu fito mu wuce. Mai kaya yana sama yana azalzalarmu, "Yalla, yalla!" Zayyanu yana amsa masa, "Shwayya shwayya, ya ammi," wato a hankali, baffa. Sannan ya ce mini da Hausa, "Kai kuma Bakano, rage gaggawa, ba kasuwar Kwari za mu ba."

"Idan aka ƙi buɗewa fa?" na taɓa tambayarsa.

"Sai mu zauna a matakala mu sha shayi har kunya ta kama su."

Shekaru suka yi ta tafiya a haka. Gwiwoyinsa suka fara ƙara, ɗakinsa kullum warin man zafi. Kowane azumi sai ya ce bana ce ta ƙarshe, bayan salla kuma sai a sabunta iƙama, takardar izinin zama, don akwai rufin ɗaki a gida, akwai jinyar tsohuwa, akwai wani abu dai. Muhibba ta girma a cikin waya. A waya ya ga kayan ɗakinta ranar da aka kai ta, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wa ya ɗora musu kabad ɗin nan a karkace?" Sai ya kife wayar. Burinsa bai wuce ƙaramin kwale-kwale ba, ba na fito ba, na zama, ya tura shi cikin inuwa ya miƙe ƙafa. Ya gaji, Allah ya sani, ni ma na sani, don a 'yan watannin nan ina jin nauyi yana rinjayowa wajena.

Da na isa Jaradiya, an gama abin da hukuma ke yi, mutanen motar asibiti sun ɗora shi a gadon ɗauka sun rufe shi. Ƙafafunsa sun ɗan zarce gadon. Ɗakinsa can sama ne, gidan kuma ba na'urar hawa. Muka sauko zuwa kwanar farko, gado ya ƙi juyawa. Ɗaya daga cikinsu ya ce, da tausasa murya, a ƙara ɗaure shi a tsayar da gadon, a juya. Ba mugunta ba ce, haka suka saba, kuma ana jiransu a wani wuri.

Na ce a'a. Mutumin da bai taɓa tsayar da kujerar wani a ka ba, ba za a jingina shi da bango kamar tsani ba ina raye. Larabcina ya gudu, da hannu na yi sauran bayanin.

Ƙofar da ke kan kwanar ta Nafiou ce. Kafin in buɗe baki ya gane. Ya leƙa ya ce wa matarsa, "Balkissa, shiga da yara ƙurya." Ya wangale ƙofa. Na karɓi baya, wajen kansa. Ƙafafun Dogo suka shiga falon Nafiou, suka wuce ta saman tabarma da kwanon koko da yara suka bari. Na juya a hankali, kafaɗata tana gogar bango. Muka ja kaɗan, hanya ta miƙe.

Kwana ta biyu ƙofar wani tsoho ce ɗan Sudan, wanda suka shekara suna faɗa da Zayyanu kan inda ake ajiye dina. Na tsaya ina tunanin yadda zan roƙe shi. Ashe ya ji motsinmu. Ya buɗe da kansa, ya janye takalma daga hanya, ya koma gefe yana addu'a. Haka Zayyanu ya fita daga gidan nan a kwance, a miƙe, ko gefen mayafinsa bai taɓa bango ba.

A nan Riyad aka yi masa sutura. Da na kira Turai, ta yi kuka ta gode Allah, sannan ta tambaye ni ko an wahalar da shi. Na ce mata ko kaɗan. Allah ya jiƙanka, Dogo, ya yalwata maka makwanci, ka samu wurin miƙe ƙafa.

Ana gobe zai rasu, mun sauke wata doguwar kujera a Malaz. A gindin matakala ya tsaya, ya dafa bango, ya ce yau in riƙe wutsiya, shi zai yi gaba. Bai taɓa ba ni ba. Na riƙe, na kuwa buga ta a kwana, har ya yi tsaki. Da na sauke shi a ƙofar gida da yamma, ya ce gobe zai huta.

Na ce, "To jibi ka karɓi wutsiyarka, ni ban iya ba."

Ya sauka da ƙyar, ya riƙe ƙofar motar, ya sunkuyo.

"Ka iya mana, Bakano. Ka dai daina sauri a kwana."