Layar da Ke Wuyan Kaka Hajo

A ƙauyenmu na wajen Gangara, da an idar da magariba lokacin sanyi, Kaka Hajo kan hura wutar kara mu kewaye ta. Ni nake manne mata, don ina son wasa da wata baƙar laya da ba ta rabuwa da wuyanta.

Layar tana da tarihi. Kakanmu Idi ya tafi Makka a ƙasa tun tana goyon babana, bai dawo ba. Bayan shekara uku wani matafiyi ya kawo takarda daga gare shi. Limamin garinmu ya saba da rubutun allo ne mai kauri, wannan kuwa siririn rubutu ne irin na ƙasashen gabas. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya ce addu'a ce mai nauyi, a ɗinke ta cikin fata. Aka ɗinke. Kaka ta zauna jira, ba mijin, ba damar wani aure.

Tatsuniya ɗaya ta fi yi mana. "Ga ta nan tafe," in ji ta, mu ce ta iso. Wai wata mata ce ta farka cikin rumbun da ba ƙofa. Kullum tsuntsuwa takan sauka a kai tana faɗa mata inda mafita take, amma da yaren tsuntsaye. Matar ta roƙi dila ya fassara. Dila bai jin yaren, ga kunyar a ce bai sani ba, sai ya ce, "Waƙa ce kawai, ki saurara." Matar ta yi ta saurare har furfura ta fito mata.

"Kaka, to ta fita?"

"Kai, ja'iri, sakar mini laya! Ni ma nan aka tsaya mini da ita."

Haushin tatsuniyar nan nake ji, don ita kaɗai ce ba ta da ƙarshe.

Na girma, na karanta Larabci a Damagaram, na yi shekaru ina ɗinki a Sudan har kunnena ya saba da Larabcinsu na kasuwa. Kafin in dawo Kaka ta rasu. Da na iso, babana ya miƙo mini layar ya ce ni ta bar wa. Na sa reza na farke ɗinkin.

Wasiƙa ce, Idi ne ya sa wani ya rubuta ta da Larabcin Sudan: ƙafarsa ta lalace, ba zai iya komowa ba. In Hajo za ta iya bin ayari, ta zo. In ba za ta iya ba, ya sauwaƙe mata, kada ta zauna jiransa.

Na yi kuka kamar yaro. Ina jin ta daɗe da zargin ba addu'a ba ce, amma wa zai ƙaryata liman ya farke laya? Yau ina koyar da Larabci a Tanut, kuma in aka kawo mini abin da ya fi ƙarfina, nakan ce ban sani ba. Kaka ta yi shekara arba'in cikin rumbu, ƙofar tana rataye a wuyanta, ni kuma ina ta wasa da ita a bakin wuta.