Kayan da Tanko Ya Zubar a Hanya

Ni in ana zancen kayan farauta sai dai a riƙe ni, don ba na gajiya. Amma wurin da na fara jin zancen, gindin murhun kakata ne, Hajiya Kande, a tsakar gidanmu na haya cikin Zangon Kumasi.

Waakye, wato shinkafa da wake, take sayarwa da safe, saboda haka tun bayan isha'i ake ɗora wake. Tukunyar ƙatuwa ce, yara biyu sa shiga ciki su zauna. Sai ta jefa karan dafi ruwan ya yi ja, ta zauna a 'yar kujerarta tana tura itace da ƙafa. In an ɗauke wuta, wanda a lokacin kusan kullum ne, duk yaran gida nan muke taruwa, da 'ya'yan Dagomba na ɗakin ƙofa da 'ya'yan Mosi na ɗakin ƙurya, kowa da irin Hausarsa. Ƙanzon da ya rage na safe shi ne rabonmu. A murfin tukunya take zuba mana, da ɗan shito, soyayyen yajin nan baƙi, a gefe.

Uban Kaka maharbi ne. Masu shanu ya biyo daga arewa yana harba musu abin miya a hanya, har ya zauna Kumasi. Don haka tatsuniyarta ta daji ba irin ta mutane ba ce. Ta san yadda ake feɗe kowace dabba, ta san warin kowace, kuma ba ta tausaya wa mai cin abinci.

Takan ce, "Ga ta nan, ta biyo hayaƙi." Mu ce ta sauka mu gan ta.

Wadda ta fi zama mini a kai ita ce ta Tanko maharbi. Wai an yi shekarar yunwa, ga matar Tanko ta haihu, suna ya matso, babu ko kaza a gidan. Ya ɗauki kayan da ubansa ya bar masa: baka da kwari, wuƙa, gatari, ƙyastu na kunna wuta, igiya, goran ruwa, da jakar gishiri mai nauyi kamar jariri. Dajin kusa an cinye shi, manyan namu sun gudu can ƙurya. Tanko ya yi ta tafiya, kaya na cin kafaɗarsa. Sai ya ce gishiri ba ya kashe nama, ya rataye jakar a reshe. Ya ji sakayau, ya ƙara nisa. Can ya ce gatari ma ba ya kashe nama, ya jingine shi a gindin kuka. Igiya ta bi baya, ƙyastu ya bi baya. Duk abin da ya yar, sai Kaka ta ɗaga kafaɗa ta yi ajiyar zuciya kamar ita aka sauke wa, mu yi ta dariya.

Da haka ya kai inda namun daji ba su taɓa ganin mutum ba. Ya samu bauna tana kiwo, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Kibiya ɗaya, ta faɗi. Ya yanka ta, ya yi rawa shi kaɗai. Da ya gama rawa ya tsaya ya duba. Babu gatarin da zai sara ƙashi, balle ya saro itacen banda. Babu wuta. Babu gishiri. Babu igiyar ɗaure kaya. Ga rana tsaka.

Nan ne Kaka take gyara zama. Ta rage murya, ta fara lissafo yadda cikin baunar ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, yadda koren ƙuda suka rufe idonta, yadda fatar ta fara saɓulewa in ya taɓa. Wai da ya soka wuƙa sai wani baƙin ruwa ya fesa masa a gemu. Tsutsa kuwa, ta ce, farare ne ƙanana kamar shinkafa, suna motsi. Tana faɗa tana kallon murfin tukunyar da ke gabanmu. Ƙanwata Ramatu ta taɓa tashi da gudu ta yi amai a bakin kwata. Ni kaina sai in ture ƙanzon.

"Ci mana, maigidana," in ji ta. "Naka ai ba ya motsi."

Tanko dai wutsiya kawai ya yanko ya kamo hanyar gida. Angulaye suka raka shi, suna shawagi bisa kansa, don warin ya kama jikinsa. Ranar suna ya shigo yana kaɗa wutsiyar bauna wai a san shi namiji ne, mutane suka toshe hanci suka watse, angulaye suka jeru a kan ɗakin mai jego. Kaka takan rufe da cewa ubanta ya ce a hanyar dawowa ake sanin maharbi. Sai ta ce ƙurunƙus, wanda ya yi gyangyaɗi shi zai wanke tukunya.

Gaskiya ni a lokacin ina bayan Tanko. Na taɓa ce mata ai shi ne ya kai inda ba wanda ya kai. Ta ce e, ya kai, ya kai wa angulu.

Na girma, na shiga Magazin, unguwar makanikai, koyon walda, Kaka ta rasu, ni kuma ciwon farauta ya kama ni. Ba wanda ya koya mini. A waya nake kallon mutanen ƙasashen waje masu shiga duwatsu da ƙafa su kwana, in tsayar da hoto in ƙura ido. Kai, jama'a, akwai kaya a duniya. Akwai bindigar da aka rarake ƙarfenta aka yi mata gindi da wani abu mai kama da roba, ka ɗauke ta da yatsa biyu. Akwai tanti da zai naɗe ya shiga aljihun wando. Akwai risho ɗan mitsitsi, akwai wani bututu da za ka tsoma a kududdufi ka zuƙi ruwa garau. Har hannun buroshin goge baki suke yankewa don a rage nauyi. Ni ma na tsinci guntayen bututun alminiyam a shago, na haɗa abin goya kaya a baya, na ɗinka masa maɗauri da bel ɗin mota. Mastana ya ce na haukace, amma da ya ɗaga ya ji rashin nauyinsa sai ya janye maganarsa.

Wannan abin goyon ne ya haɗa ni da Yaya Bashiru. Boga ne, wato ɗan unguwa mai zama Turai, yakan zo hutu gidan mahaifiyarsa a Asokore Mampong. Ya kawo mota gyara ya ga abin a rataye. Ashe shi ma ɗan hannu ne, yana da irin bindigar nan da takardunta, da tantin, da komai. Ya ce in raka shi daji can bayan Ejura, in na yi masa yadda yake so, in zai koma zai bar mini tantin da rishon da bututun ruwan, kuma duk zuwan da zai yi da ni za a shiga. Ranar ban iya cin abinci ba don murna.

Da sikelin rataye ya auna kayanmu a tsakar gidansu. Na zo da adda da ƙullin gishiri da 'yar ragar waya ta banda nama, ya ce cale, wato abokina, wannan kayan kakanni ne, ya maida su but ɗin mota. Na ce to in mun kashe fa. Ya ce in mun kashe ma gani. Kuma ba zan ɓoye ba, tafiyar ta yi daɗi. Mun bar mota a wani ƙauye, muka yi ta ratsa ciyawa da rafuka kamar ba mu ɗauki komai ba. Mun wuce gonaki, mun wuce inda masu gawayi suke tsayawa, har muka daina ganin sawun mutum.

Da sassafe a bakin wani rafi ya harbi mazo, namiji, mai ƙaho a murɗe. Harbin ya yi kyau. Amma da muka isa dabbar ba ta mutu ba, tana shure-shure, kumfa da jini na fita ta hanci. Na miƙa hannu ya ba ni wuƙa, shi kuwa waya ya miƙo mini. Ya durƙusa ya kama ƙahon ya murɗo kan wajena, ya jingina bindigar a wuyanta yadda sunan kamfanin zai fito, ya ce in ɗauka kafin haske ya canza. Dabbar na kallona. Sai da na aje wayar a ƙasa na zare wuƙar daga ƙugunsa, na juya ta gabas na yi bisimilla na yanka. Ya ji haushi, wai na ɓata wuyan da jini.

Bayan hotuna ya guntule kan, ya sa a leda, ya ce mu tafi. Na ce naman fa. Ya ce nama na kasuwa, in tsire nake so zai saya mini a Kumasi har in gaji.

"Yaya, rai fa muka ɗauka."

"Awudu, ni ƙaho na zo nema. Ka ɗora wannan jini a kan tantina, to ka manta da shi."

Na kalli tantin da ke ɗaure a bayana. Na daɗe ina mafarkinsa. Sai na kwance shi, da rishon da sauran, na aje masa a gabansa na ce ya ɗauki kayansa. Da 'yar wuƙar nan na yi ta fama har na ɓalle cinyoyi biyu da naman gadon baya, na naɗe a rigata na ɗaure a abin goyon. Sauran muka bar shi nan a buɗe, hanji a waje, ƙudaje har sun fara sauka. Ban taɓa jin ƙyamar mutum kamar yadda na ji tasa ba a hanyar nan, yana gaba yana duba hotuna, leda na reto a hannunsa.

Da ma a ce na tsira da naman. Laita muna da ita, amma ba addar saro itace, ba gishiri, shi kuma ya ƙi tsayawa ko in gwada babbaka shi da ƙirare. Rana ta buɗe, tafiyar da muka yi a sakayau ta koma ba ta ƙarewa. Muka kwana a hanya, shi a tanti, ni a waje da kayana a reshe. Washegari wani ruwa mai yauƙi ya fara bin bayana yana shiga wando. Ƙudaje suka yi mini rawani. Kafin mu iso ƙauyen na kwance rigar in duba, naman ya yi kore-kore, ga su nan a lungun ƙashi, farare, ƙanana, suna motsi. Na yi amai har sai da na durƙusa. A rami na zuba shi na tura ƙasa da ƙafa. Yaya Bashiru ya sa na zauna a bayan mota, gilashi a sauke, har Kumasi.

Bai sake kirana ba, tantin kuma ya koma da shi. Kan mazon ya ɗora a rufin gidan mahaifiyarsa wai ya bushe, hutu ya ƙare ya hau jirgi ya manta. Ramatu, da take aure a layin, ita ta ba ni labari. Wari ya hana tsohuwa zama a tsakar gida, sai ga angulaye, waɗanda yanzu ba a cika ganinsu a gari ba, sun jeru a kan kwanon. Da sanda aka turo kan, aka jefa a bola, da ƙahon da komai.

Har gobe ina son kaya marasa nauyi, kada ku ji na faɗi haka ku zaci na tuba. Ina kan haɗa wani sabon abin goyon ma, ya fi na farko sauƙi, kuma na ƙara masa faɗi ta ƙasa don cinya ta zauna daidai. Amma yanzu na gane abin da ya sa Kaka take ɓata mana ƙanzo da gangan. Da dariya kawai ta ba mu, da mun manta Tanko tun muna yara. So take in mun ga an kashe abu an bar shi, cikinmu ya juya kafin kanmu ya fara kawo dalili. Duk abin da zan rage a kaya ina rage shi ne don naman ya samu wuri, kuma adda da gishiri da raga su nake fara ɗaurewa.

Tsohon abin goyon yana nan rataye a shago. Na wanke bel ɗin da omo, na wanke da fetur, amma in hadari ya haɗo sai warin ya taso. Masta ya ce in kai shi bola ko ya kai ni. Na ce masa to. Ban kai ba.