Garemani Tara a Zauren Maƙeri

Gidanmu a Kiru gidan makaɗan noma ne. Yayana ke riƙe da ganga, ni kuma baki Allah ya ba ni. In an yi gayya, shi zai buga taken manomi, ni in ɗaga murya in faɗi abin da gangar ke cewa: wane ɗan wane, jikan wane, wanda rana ba ta taɓa riga shi gona ba. Da wannan muke ci, kuma ban taɓa zaton akwai kiɗan da ba ya kiran sunan kowa ba.

A shekarun da aka fara maganar zaɓe da mulkin kai, damina ta yi mana gardama, sai Yaya ya tafi Riruwai haƙar kuza. Rani uku ya yi yana zuwa. A na ukun ya dawo da tari, da rama, da wata sabuwar ɗabi'a ta bin gidaje yana roƙon tsofaffin garemani, waɗanda bakinsu ya cinye. Mutane suna ba shi suna dariya.

Akwai wani tsohon maƙeri a yammacin gari da idonsa ya yi rauni ya bar aiki. Shi ya ba Yaya aron zaurensa. Yaya ya ɗaura garemani tara a jikin azara da igiyar rama, kowace da tsawonta, ya ajiye tulu biyu, ɗaya da ruwa rabi, ɗaya wayam. Duk Alhamis bayan la'asar sai ya zauna. Zai bugi garma ɗaya da ɗan guntun ƙarfe, ya jira har ƙarar ta mutu murus, sannan ya taɓa ta kusa da ita. Wani lokaci ya mari bakin tulu da tafin hannu. Babu waƙa, babu amshi, babu abin da ƙafa za ta bi.

Masu zuwa ba su da yawa: maƙerin, wani marini mai baƙin hannu, da wani Bafillatani da ke tsayawa a bakin ƙofa da sandarsa, bai taɓa shigowa ba, bai kuma taɓa tafiya kafin a gama ba. Ni ma ina zuwa, amma da haushi. Na taɓa tambayarsa, "Yaya, wannan taken wa ke nan?"

Ya ce, "Ba na kowa ba ne. In an kashe injin ruwa a ramin kuza, akwai abin da ake ji. Shi nake nema."

Na ce masa da ya nemo mana dawa da ya fi. Amma gaskiya, wata Alhamis na tsinci kaina ina hawaye ban san dalili ba, na fake da hayaƙi, alhali an daɗe ba a hura wuta a zauren nan ba.

Bayan kaka labari ya bazu cewa ɗan gidan makaɗa ya zo da sabon abu. Sarkin noma ya aiko cewa zai zo da mutanensa. Da safen ranar Yaya ya same ni ina alwala. Tarin ya riga ya ci ƙarfinsa, magana ma sai ya huta a tsakani.

Ya ce, "Ƙanena, alfarma ɗaya. Yau kada ka ce komai. Na haɗa shi tun daga farko har ƙarshe, ina so a ji shi sau ɗaya yadda yake."

Na ce, "Wannan ai mai sauƙi ne, Yaya." Na yi masa alkawari.

Zaure ya cika har waje. An shimfiɗa wa sarkin noma buzu a gaba. Yaya ya bugi garma ta farko, ya jira. Ya bugi ta biyu. Manoma suka karkata kunne, kowa yana jiran ya ji takensa ko na ubansa, don su a saninsu kiɗa ba ya tashi sai da mai shi. Da ba su ji ba, sai idanu suka dawo kaina, tunda ni ne mai faɗa musu abin da kiɗa ke cewa. Na sunkuyar da kai ina kallon yatsun ƙafata.

Can sarkin noma ya yi gyaran murya ya ce, "Kai maroƙi, me take cewa ne?"

Na yi kamar ban ji ba. Wani daga can baya ya ce ko dai aljanun rami sun taɓa Yaya. Aka yi 'yar dariya. Na ga mutum biyu sun miƙe suna laluben takalma, na ga sarkin noma ya fara tattara bakin rigarsa. Kunya ta rufe ni. Na tuna albarkacin wannan mutumin muke cin tuwo duk damina. Ban san lokacin da na miƙe ba, sai jin muryata na yi ta cika zaure: "Sarkin noma ɗan sarkin noma! Ga garemani suna gaishe ka, sun ce kai ka cinye bakinsu!"

Wuri ya kaure. Masu takalma suka dawo suka zauna. Hannun Yaya ya tsaya a sama. Bai dube ni ba. Jim kaɗan ya sauke hannun, ya kama taken sarkin noma a kan garemanin, tsaf yadda yake buga shi a ganga, ya bi ni da taken kowane gida har na gama kiran kowa. An yi murna ƙwarai. Sarkin noma ya tuɓe hularsa ya ɗora wa Yaya, aka watse ana cewa ba a taɓa jin irin wannan ba.

Muka rage mu uku da maƙeri. Yaya ya hau turmi yana kwance igiyoyin, yana tsayawa yana tari. Na matso in riƙe masa, ya bar ni na riƙe. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Na ce, "Yaya, ka yafe mini. Tashi za su yi."

Ya ce, "Na sani."

Na ce, "Alhamis mai zuwa sai ka ƙarasa mana, mu kaɗai. Ai saura kaɗan ne, ko?"

Ya miƙo mini garma ta ƙarshe, ya sauko a hankali yana dafa bango. Ya ce, "Abin da kuka ji duk share fage ne. Daidai inda ka shigo, nan zai fara."

Alhamis ɗin da ta biyo ba ya iya zama sai an tallafe shi. Bai ga shukar daminar da ta biyo ba, Allah ya karɓi abinsa. Na tambayi maƙeri, na tambayi marini, ko ya taɓa buga musu sauran, suka ce a'a, yana ɓoyonsa ne sai ranar taro. Yau na tsufa, na yi roƙo a gonaki ba adadi, kuma har yanzu ban san abin da na katse ba.