Takardar da Kawu Ya Ƙona

Ko zan manta komai na zamana a Agege, ba zan manta ranar da kawuna ya ƙona takardar baƙuwarmu ba.

A lokacin shekara guda ke nan da saukar soja daga mulki. Ina koyar da Turanci a wata makaranta, sai aka haɗa ni da wata dattijuwa marubuciya, haifaffiyar wani tsibiri a yankin Karibiyan, can wajen Amurka, in yi mata tafinta. Duk littattafanta a kan mutum ɗaya suke: kakan kakanta, Bahaushen da aka sayar aka tsallaka teku da shi zuwa bauta a gonar rake. Abin da ya bari kawai wata 'yar takarda ce ta ajami, ta yi ja don tsufa, zuri'arsu na gadonta ba mai iya karantawa. Burinta ta san sunan garinsa kafin ta kammala littafinta na ƙarshe.

Na kai ta wurin Kawu, malamin zaure ne a bayan layin dogo. Ya ce rubutun ya dushe, a bar masa kwana biyu. Ta riƙe takardar gam, ni kuwa da rawar kaina na ce ta kwantar da hankalinta. Ban ma tsaya na gaya masa abin da take nema ba.

Da muka koma, ya miƙo mata sabuwar takarda fes, yana murmushi.

Na ce, "Kawu, ina tsohuwar?"

"Na ƙona ta mana. Da sunan Allah a jiki, ga ta tana marmashewa, so kake ta zube a taka? Na kwafe mata addu'o'in tsaf."

"Sauran rubutun fa?"

"Wannan ai ba addu'a ba ce. Sunan uwarsa ne da na wani gari."

"Wane gari, Kawu?"

Ya shafa gemu. "Wajen Katsina ne ko Zazzau, wallahi ya shige mini."

Raina ya ɓaci. Takardar da ta tsira daga teku da bulalar masu gonar rake, ta zo gida ta ƙare a kaskon wuta! Kuma bakina ne zai faɗa mata. Da na faɗa, ba ta yi kuka ba. Ta karɓi sabuwar da hannu biyu, ta ce in yi masa godiya.

Daga baya na ji littafin ya fito, ta bar gurbin sunan garin fari. Har yau haushin kaina ya fi na Kawu. Tun ranar na koyi cewa abin da mutum ya riƙe shekara da shekaru, ba a karɓarsa daga hannunsa da "kwantar da hankalinki" kawai.