Kwatancen Baba Masinja

Shekara talatin da biyu ya yi yana raba wasiƙu a titin nan, shi ya sa har bayan ritaya ba a kiransa da komai sai Baba Masinja. Ka tambaye shi labarin gini ɗaya, ka shiga uku, sai ya zaunar da kai. Sinima ce bene na farko a titin, in ji shi, kuma a ƙofarta ya fara ganin matarsa tana zazzaga wa mai tikiti masifa. Gidan waya na kallon sinimar, da agogonsa da bai taɓa faɗin gaskiya ba. Sai famfon kwana, inda yake wanke kekensa.

Duk an rushe su. Sinimar ta zama shaguna, gidan waya ya koma wurin ajiye motoci. Amma Baba kullum yana wucewa, na cikin kansa yake gani.

Wata Talata da hantsi matarsa ta faɗi a tsakar gida, bakinta ya karkace. Ya kira motar asibiti, ya yi wa direban kwatance.

"Ka wuce sinima, ka bar gidan waya a hagunka, kwanar famfo, gida na uku."

Bayan minti ashirin direban ya kira shi. "Baba, na yi sama na yi ƙasa. Wace sinima kuma? Me ke wurin yanzu?"

Baba ya buɗe baki. Wallahi mutumin da ya haddace lambar kowace ƙofa, sunan shago ko ɗaya ya gagare shi. Sai maimaitawa yake yi, "Sinima dai, ɗana, sinima!"

Maƙwabciyarsu ce ta fizge wayar. "Layin mai gyaran firji, shuɗiyar ƙofa." Minti uku motar ta iso.

Ta rayu. Amma likita bai ɓoye masa ba: da an kawo ta da wuri, wataƙila da hannun dama bai mutu ba. Yanzu shi ke ba ta abinci a baki, shi ke ɗaura mata ɗankwali a karkace tana harararsa. Ba ta san abin da ya faru a wayar ba, shi kuma ya kasa faɗa mata. Abin na cin sa.

Har yau yana zama a ƙofar gida. In wani ya tsaya neman kwatance, sai ya sunkuyar da kai.

"Tambayi na gaba, ɗana. Ni baƙo ne a nan."