Inno Mai Fura Ta Rabu da Wasiwasi

Inno mai fura ce a Birchi, amma wasiwasi ya hana ta sakat. Sai ta wanke ƙwarya, zuciyarta ta ce da sauran dauɗa, ta sake wankewa har hannuwanta su tsattsage.

A 1983 Dina, wata nas a Dutsin-Ma mai sayen furarta, ta ce, "Inno, wannan ciwo ne, yana da magani." Ta kai ta wurin likita a Kaduna. Ya ba ta ƙwayoyi, ya ce ta riƙa wankewa sau ɗaya ta daure.

Da kuka ta fara, amma a hankali wasiwasin ya sake ta. Ranar sunan jikarta ta ci tuwo kwano ɗaya da jama'a, ta taka rawa har ɗankwalinta ya faɗi.