Farantin da Bu Darsih Ta Ƙi Yarda da Shi

Duk matar da ta haihu a asibitin unguwarmu a Wonogiri ta ratsa ta hannun Bu Darsih, amma rabinsu ko fuskarta ba su sani ba. Ɗakin gwaje-gwajenta yana can baya, kusa da inda ake shanya zannuwan gado. Ni na san ta ne don rumfata ta shinkafa da miyar gyaɗa tana bakin ƙofar asibitin, kuma kullum da rana a wurina take ci.

Gajeruwa ce, da tabarau mai kauri, ga tsirfar tsiya. Ranar da ta fara zama a bencina ta ɗaga cokali sama tana juya shi, ta tambaye ni ko an wanke shi ne ko dai ruwa kawai aka nuna masa. Ni kuwa ba a taka ni in yi shiru, na ce in nawa bai yi mata ba ta zo da na gidansu. Washegari sai ga ta da cokalinta a aljihu. Dariya ta ƙwace min, daga nan muka ƙulla.

Mahaifinta mai yin tempe ne, wani abincinmu na tsimammen wake. Tun tana yarinya ita ke shiga ɗakin da ake jera ƙunshin wake cikin ganyen ayaba, ta ɗora bayan hannu ta ji ko ɗumin ya yi daidai. Takan ce har yau aikinta bai sauya ba, ta shuka abu a faranti ta rufe, ta sa a akwatin ɗumi ta jira ta ga me zai tsiro. Mijinta direban bas ne, ya rasu tun tana da sauran ƙuruciya. Allah bai ba su haihuwa ba, ba ta kuma sake aure ba.

Ni na haihu sau ɗaya kafin nan, a gida. Namiji ne, Bayu. Lafiya lau ya fito, sai jikinsa ya ɗau zafi, ya ƙi kama nono, numfashi ya yi ta yi masa wuya. Ko cibiyarsa ba ta faɗi ba muka binne shi, kuma ba wanda ya faɗa min sunan abin da ya ɗauke shi. Don haka da na sake samun ciki bayan shekaru, tsoron ya fi murnar yawa.

Da cikin ya shiga wata na tara, ungozomar asibitin ta ce za a yi min wani gwaji. Akwai ƙwayar cuta da ake kira sitirep B, tana zaune a jikin mata da yawa ba ciwo ba ƙaiƙayi, kuma ba ta da alaƙa da ƙazanta. Sai dai jariri yana iya kwasar ta a hanyar fitowa. Za a shafo gabana da auduga a kan tsinke a kai wa Bu Darsih. In an same ta, a sa min magani cikin ƙarin ruwa lokacin naƙuda.

Mahaifiyata, wadda muke kira Mak, ba ta ji komai a bayanin nan ba sai cewa wata za ta buɗe zanen 'yarta. Ta ce wallahi ba za a kunyata ta ba. Ta tsinko ganyen sirih, wanda mata ke tsarki da ruwansa, ta tafasa tukunya guda, safiyar gwajin ta zaunar da ni a ruwan har sai da ya huce. Ban ga laifin haka ba, kowace mace a garinmu haka take yi in za ta gaban ungozoma.

Bayan kwana biyu ko uku sai ga Bu Darsih a rumfata tun hantsi, da farar rigar aiki, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta jira masu saye suka ragu, ta matso ta yi ƙasa da murya.

"Warti, da me kika yi tsarki ranar gwaji?"

Raina ya ɓaci nan take. Na ce mata ashe bayan cokalina yanzu kuma jikina ne bai wanku ba? Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce ai wankuwar ce ta yi yawa. Farantina ya fito fes, babu muguwar ƙwayar, babu kuma na yau da kullum da ke jikin kowace mace mai rai. Ta ce da za ta aika wa ungozoma cewa ba a ga komai ba, ba mai kama ta da ƙarya.

"Amma farantin nan bai ce babu ba, ƙanwata. Bai ce komai ba. Ban rantse ganyen ne ba, ni dai ban yarda da shi ba."

Ta ce in bar sirih na 'yan kwanaki, ruwa zalla kawai, in dawo a sake.

Da na kai wa Mak labari, kai, ranar maƙwabta sun sha kallo. Ta ɗaura kallabi ta nufi asibitin, ni ina biye da turtsetsen ciki ina ba ta haƙuri. A bakin ɗakin gwajin ta ce da ganyen nan kakanninmu suka haifi duk garin nan, kuma wadda ba ta taɓa jin zafin naƙuda ba ba za ta koya mata kula da mai ciki ba. Na ji kamar in nutse don kunya. Bu Darsih ta cire tabarau ta goge a hankali. Ta ce gaskiya ne ba ta haihu ba, kuma ita ma tana da sirih a bayan ɗakinta, ba ta raina shi ba. Aron kwanaki kaɗan kawai take roƙo, saboda jikan da ke tafe. Mak ta dawo gida tana ƙunƙuni, amma tukunyar ba ta sake hawa wuta ba.

Faranti na biyu ya tsiro, kuma ƙwayar tana ciki.

Ni na je na sami Bu Darsih a wannan karon. Na tsaya a taga na tambaye ta abin da ke cin raina, ko wannan ce ta kashe min Bayu. Ta dube ni ta ce:

"Ban gwada shi ba, Warti. Ba zan ce miki e ba, ba zan ce a'a ba. Na cikin nan shi ne a hannunmu. Da kin ji ciwon mara ko faya ta fashe, ki taho, kar ki tsaya sauke shinkafa."

A lokacin haushin amsar na ji, na so ta ba ni abin da zan ɗora wa laifi. Yanzu kam na gode da ba ta yi min ƙarya ba.

Naƙuda ta same ni da safe ina niƙa gyaɗa. Na bar dutsen yadda yake, mijina Mas Sugeng ya ɗauke ni a babur. Aka ɗaura min ruwan da maganin da wuri, ya sami lokacin ratsa jiki kafin la'asar, lokacin da na haifi 'ya mace. Kwanakin da suka biyo baya hannuna bai bar goshinta ba. In ta yi barci in tashe ta, in ta yi kuka in ce zazzaɓi ne. Ita kuwa sai tsotson nono take kamar an aiko ta.

Tun daga kaina Bu Darsih ta sa ungozomomi su riƙa gargaɗin mata kan sirih kafin gwajin. Tsofaffin unguwa har yau abokiyar gabar ganye suke ce mata, ita kuma ta ce ta ji ta karɓa.

Da yarinyar ta yi ƙwari na kai mata ita. Ta daka min tsawa tun daga nesa, wai kar in kuskura in shigar mata da jaririya ɗakin ƙwayoyin cuta. Ta cire rigar aiki, ta wanke hannu har gwiwa, sannan ta fito ta karɓe ta a tsakanin zannuwan da ke shanye. Ta buɗe tsohon zanena na batik da na naɗe ta a ciki, ta ga babu riga babu hula. Ta tambayi ina kayanta. Na ce ban bari an sayi ko ɗaya ba, na Bayu ma da hannuna na rabar da su sababbi.

Ta duba tafin ƙafar yarinyar, ta ja ɗan yatsanta, yarinyar ta damƙe nata gam.

"Je ki saya mata kaya, Warti. Wannan zama ta zo yi."

Daga nan kasuwa na wuce da ita rataye a ƙirjina, ina zaɓen hula ina share hawaye da gefen zane.